Rediyo a Hannun Mata: Hanyar Sanin Hakki

Rediyo ba baƙo ba ne a ƙasar Zuru. Daga Dabai har Ribah, daga Mahuta har Dirin Daji, da wuya ka shiga ƙauye da maraice ba ka ji muryarsa daga wani zaure ko gindin wata bishiya ba. Manomi yakan rataye shi a reshe yana noma. Tela yakan ajiye shi kusa da kekensa. Amma mu tambayi kanmu, ya ku 'yan'uwa, a hannun wa yake? Galibi maigida ne yake saye, shi yake sa batir, shi kuma yake murɗa tasha. In ya fita gona ko kasuwa, rediyo ya bi shi. Uwargida tana can wajen turmi ko bakin rafi. Abin da ya kai kunnenta shi ne abin da aka ga dama aka faɗa mata.

Wannan hasara ce babba, musamman a waɗannan shekaru. Hare-haren 'yan bindiga a Danko-Wasagu da Sakaba da kewaye sun bar gwauraye da marayu masu yawa. Mace takan yi shekara ashirin tana noma gona ɗaya da mijinta. Ran da ya rasu, kafin hawaye su bushe, sai dangi su fara maganar gonar da rumbun. Ita kuwa ba ta san cewa dokar ƙasa ta yi magana a kan irin halinta ba, gama ba wanda ya taɓa faɗa mata da harshen da take ji. Rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka muke so ƙungiyoyinmu na gama kai su duba wani kayan aiki da manoma a wasu ƙasashe suka daɗe suna mora, watau rediyon jama'a.

Mene ne rediyon jama'a?

Gidan rediyo iri uku ne. Akwai na gwamnati, akwai na 'yan kasuwa masu neman riba, akwai kuma na jama'a. Na jama'a ƙarami ne. Mutanen yanki ɗaya suke da shi, su ne suke zaɓen masu lura da shi, su ne kuma suke magana a ciki. Muryarsa ba ta zuwa nesa ƙwarai, amma tana fita da harshen gida. Babbar tasha a Kaduna ba ta da lokacin da za ta ba Dakarci, ko Fakkanci, ko Dukkanci, ko Kambarci kowace rana. Ƙaramar tasha kuwa aikinta ke nan. Tsohuwar da Hausarta ta ciniki ce kawai za ta iya jin zancen gado da na asibiti da harshen da aka yi mata goyo da shi, ta kuma iya mayar da amsa.

Ba yau aka fara ba

A shekarar 1941 manoman Kanada suka soma taruwa a gidajen juna kowace Litinin da dare. Sukan saurari shirin noma a rediyo, su tattauna abin da suka ji, sa'an nan magatakarda ya rubuta ra'ayinsu ya aika wa masu shirin. Sun yi haka har 1965. Ƙasar Indiya ta gwada wannan tsari a 1956, Gana kuma a 1964.

A ƙasar Kolombiya, wani matashin fada mai suna Jose Joaquin Salcedo ya kafa ƙaramar tasha a ƙauyen Sutatenza a 1947. Da ita aka koya wa manoma, maza da mata, karatu da lissafi da tsabta da gyaran gona, har shekara arba'in da ɗoriya. Ashe ekklesiya tana cikin waɗanda suka fara wannan aiki. Dattawanmu ma ba su manta da Muryar Bishara ba, wadda ake shirya shirye-shiryenta na Hausa a Jos, ana watsawa daga Addis Ababa, kafin gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977.

Maƙwabtanmu na Nijar sun kafa kulob-kulob na masu sauraron rediyo tun 1962. Jagoran kulob yakan ɗauki muryoyin mutanen ƙauye a faifai ya aika Yamai, a sa a rediyo kowa ya ji. A 1999 kuma suka buɗe tashar jama'a a Bankilare, wadda take aiki da hasken rana. Daga nan irin waɗannan tashoshi suka yaɗu a ƙasar har suka wuce ɗari.

Matan Banizumbu sun sami fili

A 2009 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, ta haɗa kai da wata ƙungiyar Nijar aka soma abin da ake kira kulob ɗin Dimitra a jihohin Tilaberi da Doso. Tsarin mai sauƙi ne. Mata suna da kulob nasu, maza suna da nasu, samari da 'yan mata ma haka. Akan ba kulob rediyo mai aiki da hasken rana ko wanda ake wanawa da hannu, wani lokaci har da wayar hannu. Kowane kulob yakan zauna shi kaɗai ya tattauna damuwarsa. Daga baya a taru gaba ɗaya a gaban mai gari a yanke abin da za a yi. Tashar jama'a ta yankin takan watsa abin da aka tattauna domin sauran ƙauyuka su ji.

A Banizumbu, wani ƙauyen Zabarmawa a gabashin Yamai, damuwar mata ita ce rashin filin lambu mai tabbaci. Wanda aka ara wa fili ba ya haƙa rijiya a ciki, ba ya kuma dasa itace, gama bai san ran da mai abu zai karɓe ba. Matan suka kai maganar gaban taron gari. Aka yi ta shawara da masu filaye da mai gari, har aka ba su aron fili kusan hekta uku na shekara 99, aka kuma rubuta a takarda.

Mu lura da abu biyu a nan. Na fari, akwatin rediyo bai ba kowa fili ba. Abin da ya yi shi ne ya tara mata wuri ɗaya a kai a kai, ya sa suka saba da faɗin abin da ke ransu a fili. Na biyu, ba a yi abin a bayan maza ba. Da su aka zauna, su ne kuma suka sa hannu.

Abin da ya kamata kowace mace ta ji

In mun sami fili a rediyo, me za mu faɗa? Ga waɗansu abubuwa da suke rubuce a dokar ƙasarmu.

Tsarin Mulki na 1999, sashe na 42, ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci domin shi namiji ne ko mace ce. Sashe na 43 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon mallakar fili da gida a ko'ina cikin Nijeriya. Dokar Filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar shaidar riƙon gona a karkara, ba ta kuma ce sai namiji ba.

A watan Afrilu na 2014 Kotun Ƙoli ta yanke shari'a biyu masu nauyi. A shari'ar Ukeje ta ce al'adar da ta hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa Tsarin Mulki. A shari'ar Anekwe da Nweke ta ƙi yarda da al'adar da take korar gwauruwa daga gidan mijinta domin ba ta haifi ɗa namiji ba. Dukansu biyu a kan al'adar Ibo ne, amma hukuncin Kotun Ƙoli abin bi ne ga kotunan da ke ƙarƙashinta. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa suna da nasu rabon gado a shari'ar Musulunci, inda matar mamaci take da kashi ɗaya cikin takwas in akwai 'ya'ya, kashi ɗaya cikin huɗu in babu, 'ya'ya mata kuma suna da rabonsu sananne.

Dokar ilimi ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro, namiji da mace, karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Bayan sace 'yan mata da aka yi a makarantar Birnin Yawuri a 2021 da ta Maga a 2025, ba wanda zai ga laifin iyaye in gabansu yana faɗuwa. Duk da haka maganin abin shi ne jama'a su haɗa murya su nemi tsaro a makarantu. In muka tsare 'yan mata a gida, mun ƙara musu hasara a kan hasara.

A 2015 gwamnatin tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane. Ta ambaci dukan mata, da korar mace daga gida da ƙarfi, da barin iyali ba abinci, da wulaƙanta gwauraye da sunan al'ada. Jihar Kebbi ta yi tata dokar a 2022. Wadda ba ta da kuɗin lauya tana iya neman taimako wurin Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi, ko wurin ƙungiyar lauyoyi mata da ake kira FIDA.

Kada kuma mu manta, matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai 1979. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri sau da yawa a kan wannan magana. Abin da kakanninmu mata ba su samu ba, yau 'ya'yanmu suna ganinsa kamar tun can haka yake. Al'ada takan sāke, in mutane sun ga gaskiya.

Tsoron da ke zuciyar maza

Wani ɗan'uwa zai ce, "Wannan rediyo naku zai koya wa matanmu taurin kai." Wani kuma zai ce, "Kakana ya yi golmo shekara bakwai kafin a ba shi kakata. Yanzu a ce 'yata ta gaji gona ta kai gidan wani?" Kada mu yi wa masu wannan magana dariya. Tsoro ne na gaske, gama gonar gado ita ce ƙashin bayan dangi. Sai mu amsa da hankali.

Golmo ya nuna cewa iyayenmu sun san darajar mace, tun da saurayi yakan zubar da gumi shekara da shekaru dominta. Mace mai irin wannan daraja, ta yaya za a bar ta hannu wofi ran da mijinta ya kwanta dama? Kai da kake tsoron hakkin mata, ka tuna cewa gwauruwar gobe tana iya zama matarka, marayun kuma naka. Abin da ka yarda a yi wa matar ɗan'uwanka yau, shi za a yi wa taka.

Damuwa a kan gonar dangi ma ba sabuwa ba ce. A Littafin Ƙidaya sura 27, 'ya'yan Zelofehad mata su biyar sun tsaya a gaban Musa da shugabanni da dukan taron jama'a, suka nemi gādon mahaifinsu domin bai bar ɗa namiji ba. Ubangiji ya ce maganarsu daidai ce. A sura 36 kuma dangin suka kawo irin tsoron nan namu, cewa gādon zai koma wata kabila ta wurin aure, aka kuwa zauna aka sami hanyar da ta tsare hakkin matan, ta kuma tsare gādon dangi. Ba a hana matan magana ba, ba a kuma toshe kunne ga dangi ba. Macen kirki ta Karin Magana sura 31 ma takan duba gona ta saya da hannunta, mijinta kuwa yana samun girma a bakin ƙofar gari saboda ita.

Yadda abin yake a Nijeriya

Har 1992 gwamnati kaɗai take da gidajen rediyo a ƙasar nan. A shekarar ce aka kafa hukumar NBC mai ba da lasisi, aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Masu neman rediyon jama'a sun yi ta fama shekara da shekaru, sai a 2015 aka amince da lasisi 17 na farko. Ɗaya daga cikinsu na mutanen Lavun ne, a Kutigi ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu.

Ga abin da ya kamata shugabannin ekklesiya su sani tun da wuri. Dokar NBC ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisin gidan rediyo. Watau ba za a ba wata ɗarika ko majami'a tasha da sunanta ba. Tilas jama'ar yanki ne za su kafa ƙungiya mai rajista wadda ba ta neman riba, su nema da sunanta. Wannan ba abin baƙin ciki ba ne. A ƙasar Zuru gida ɗaya yakan ƙunshi Kirista da Musulmi da mai bin addinin gargajiya. Tashar da ta zama ta kowa, ita ce kowa zai buɗe wa kunne. Sai dai a kula, in ana zaɓen kwamiti, a sa mata a ciki tun ranar fari, su zama masu yanke shawara tare da maza.

Kafa tasha aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Akwai na'ura, da dogon ƙarfe, da wutar hasken rana, da horar da ma'aikata. Muryar FM kuma ba ta ƙetare dutse da sauƙi, saboda haka a ƙasa mai tuddai irin tamu sai an zaɓi wuri da kyau. Amma ba lalle mu naɗe hannu muna jiran dogon ƙarfe ba.

Abin da ƙungiyarku za ta iya yi bana

1. Ku sayi rediyo ɗaya mai aiki da hasken rana daga asusun ƙungiya, wanda yake karɓar katin memori. Ku damƙa shi ga Zumuntar Mata, a rubuta a littafi cewa nasu ne. Ma'ajiyar zumunta ta riƙe shi.

2. Mata su zaɓi ranar sauraro da kansu. Kada ya zama lokacin tuwo, ko ranar kasuwa, ko tsakiyar tsintar kaɗanya. Mutum goma sha biyar zuwa ashirin sun isa, domin kowace ta sami bakin magana.

3. Bayan sauraro a yi tambaya uku. Me muka ji? Haka yake a garinmu? Me za mu yi kafin zama na gaba? Wadda ta iya rubutu ta rubuta amsoshin.

4. Maza ma su yi nasu zaman a kan magana ɗaya. Sau ɗaya a wata a haɗu gaba ɗaya, a gayyaci mai unguwa da fasto da liman.

5. Ku yi naku shiri da wayar hannu. Ku ɗauki muryar ungozoma a kan awon ciki, ta malamin gona a kan iri da taki, ta lauya ko ma'aikacin kotu a kan gado da wasiyya, da harshen gida. Minti goma sha biyar ya isa. Ku kwafa a kati ku aika wa ƙungiyar ƙauye na gaba, su ma su aiko muku da amsarsu.

6. Ƙungiyoyi biyar ko goma su haɗa kuɗi su sayi fili a tashar da ta fi kusa, ko da sau ɗaya ne a mako. Shirin da kuka biya da kanku, ku ne za ku faɗi abin da za a sa a ciki.

7. Ku fara da gyaran gidanku. Ku buɗe littafin ƙungiya ku ƙirga sunayen mata. In mace tana noma gayaunarta ta gyaɗa ko wake ko riɗi, a rubuta ta da sunanta, ta karɓi takin zamani da rance da hannunta. Ku kuma rubuta a dokar ƙungiya cewa in mamba ya rasu, hannun jarinsa da matsayinsa su koma ga matarsa da 'ya'yansa.

Abubuwan lura

Magana zarar bunu ce. Abin da ya fita a rediyo ba ya komowa. Kada a ambaci sunan mutum ko gidansa a zancen duka ko rikicin gado. In wata ta ba da labarin wahalarta, sai da yardarta za a ɗauka, a sāke suna da gari, ko kuwa a mai da shi wasan kwaikwayo. Mace tana iya faɗin gaskiya a taro da rana, ta koma gida ta sha wuya da dare. Saboda haka kafin a taɓo irin wannan magana, a tabbata akwai dattijuwa da dattijon da za a iya kai kuka wurinsu, a kuma san hanyar asibiti da ta ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.

Kada wanda bai san doka ba ya zauna yana yanke hukunci a shiri. Shari'ar gado tana bin irin auren da aka ɗaura, ko na rajista, ko na al'ada, ko na Musulunci, kowane da nasa ƙa'idodi. A nemo masani, a bar shi ya yi bayani.

Ku yi hankali da kyautar ɗan siyasa a kakar zaɓe. Ku kuma yi hankali da aikin da ya dogara ga baƙi kaɗai, gama ran da kuɗinsu ya ƙare, shiri yakan mutu. Mudu ɗaya na dawa daga kowane mamba a lokacin kaka zai riƙe wannan aiki fiye da alkawarin da ba mu san ranar cikarsa ba.

Tambayoyi domin taronku na wannan wata

Mata nawa ne suke da suna a littafin ƙungiyarmu, nawa ne kuma a kwamiti?

Gwauraye nawa ne a garinmu, suna kuma noma gonakin da suke noma dā?

'Yan mata nawa ne suka bar makaranta bana, saboda me?

Wa zai kawo rahoton farashin rediyo a zama na gaba?

Magatakarda ya rubuta abin da kuka yanke, ya aiko mana ta hannun mai bishara ko shugaban gunduma, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da ku. Ubangiji, wanda yake uban marayu da mai tsaron gwauraye, ya ba mu kunnen ji da zuciyar aikatawa, ya kuma sa albarka a gonakinku. Amin.